Ranar da Kwamfuta Ta Ce Babu Geron Malam

Ko da zan manta da sunayen jikokina, kuma ga shi na fara cakuɗa su, ba zan manta da kwana biyar ɗin nan na farkon daminar shekarar da Malam ya rasu ba. Shekara shida ke nan, amma har yau in ruwan fari ya sauka na ji ƙamshin ƙasa, sai su dawo mini sabo. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Mai rubutawar kuwa ɗana ne na fari, wanda labarin yake kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san ba a yi. Na dai gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, domin matarsa za ta karanta mini daga baya, in kuwa na tarar ya rage ko kalma ɗaya, shi da kansa ya san sauran.

Malam, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, manomi ne a ƙauyenmu da ke wajen Kademi. Kakansa daga gabas ya zo, wajen Barno, kuma abin da ya zo da shi bai wuce buzu da 'yar jakar irin gero ba. Geron nan gajere ne, zangarniyarsa tana da gashi mai tsini, tsuntsu ba ya iya zama a kanta. Yana nuna da wuri, daidai lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa. Furarsa tana da wani ɗan zaƙi da ake ji can a ƙarshen harshe. Da shi aka dama mini furar farko da na sha a gidan nan, ina amarya, kuma shekara arba'in da 'yan kai ban ga damina ɗaya da babu shi a gonar Malam ba.

Kowace kaka, kafin a yi girbi, Malam yakan shiga gona shi kaɗai da wuƙarsa, ya zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya ɗaure ɗan dami guda, ya rataye a ɗakinsa. Wannan shi ne iri. Ba a taɓa shi ko da za a kwana da yunwa. Amma in wani ya roƙa, sai ya murje masa tafi ɗaya ko biyu ya ba shi, ba ya ko gaya mini.

Shi kuwa wannan mai rubutun, a Kano yake zaune, aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni. Har yau ban gane yadda namiji zai wuni a zaune yana taɓa ƙarfe da 'yan yatsu ya ce ya gaji ba, amma dai da shi yake ci da iyalinsa. Shekara biyu kafin rasuwar, ya zo hutun salla, ya zaunar da ubansa a zaure kwana biyu yana yi masa tambayoyi: wa ka ba iri, wane iri, a wane ƙauye, a wace gona. Malam yana faɗa, shi yana zubawa a cikin kwamfutar. Da na kai musu abinci na tambaye shi me yake yi, sai ya ce, "Inna, kin ga yadda kike jera ƙwaryarki, ƙarama a cikin babba, kowacce da faifanta? To haka nake jera maganar Baba. Ƙwaryar ƙauye, a cikinta ƙwaryar gida, a cikinta ƙwaryar gona, a cikinta iri. Kowane faifai da sunansa a rubuce. Sunan tsarin ekis-em-el."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai ƙwaryata ban taɓa manta abin da na sa a ciki ba."

Malam ya yi dariya ya ce in ƙyale shi. Shi abin daɗi ya yi masa, wai ga ɗansa na birni yana neman sani a wurinsa.

Da bazara Malam ya kwanta, zazzaɓi ne na kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Wayyo Malam. Bari in ɗan tsaya.

Na shiga takaba, gida ya cika da mata, ni ban san wanda ya shiga ba, ban san wanda ya fita ba. Ranar sadakar uku aka tashi yin gumba, geron da aka fitar bai isa ba. Wata daga cikin masu taya aiki ta leƙa ɗakin Malam ta ga dami a rataye. Aka sauko da shi, aka sussuke, aka surfe, aka daka. Ina zaune a kan tabarma aka miƙo mini curi ɗaya, aka ce in daure in sa wani abu a bakina. Ina gutsura na ji wannan ɗan zaƙin a ƙarshen harshe. Na ce, "Wane gero kuka daka?" Suka dubi juna. Na haɗiye da hawaye. Ba na ganin laifinsu, taimako suka zo yi. Amma irin da aka ɗauko tun daga Barno, da bakinmu muka cinye shi a wuni ɗaya, har muna yi wa mai shi addu'a a kai.

Mai takaba ba ta yawo. Na kira ƙanin Malam, wanda muke ce wa Malam Ƙarami, na gaya masa. Ya tambayi maƙwabta biyu uku, duk sun koma irin zamani. Ya ce in yi haƙuri, za a bincika. Aka yi ta za a bincika har arba'in ta zo.

Ranar sadakar arba'in mai rubutun nan ya dawo daga Kano da jakar kwamfutarsa a kafaɗa. Da la'asar ɗin ranar hadari ya haɗu, ruwan fari ya sauka sosai. Na kira shi ɗaki na gaya masa halin da ake ciki. Wallahi sai na ga fuskarsa ta washe, kamar wanda aka yi wa albishir.

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Duk wanda Baba ya taɓa ba iri yana cikin nan. Kuma kin zo a kan gaɓa. Akwai wata sabuwar hanyar tambaya da aka ƙara a yaren kwamfutar da muke aiki da shi, ba a daɗe da fito da ita ba. Da ma ina neman abin da zan gwada ta a kai."

Na ce, "Au, geron ubanka ne abin gwajin?"

Bai ma ji ni ba. Ya shiga yi mini bayani. Wai a da, in kana son ka nemo wani abu, sai ka yi ta gaya wa kwamfuta dalla-dalla: buɗe wannan ƙwarya, duba, rufe, buɗe ta gaba, kana ambatar kowacce da sunanta, rubutu ya kai layi hamsin. Yanzu kuwa layi uku ya isa: daga ina, wanne, ba ni. Ya rubuta layinsa uku, ya danna, kafin in gyara mayafina sunaye shida sun fito. Ya dube ni yana jiran in yi guɗa.

Ba zan yi ƙarya ba, a ranar na ji sanyi a raina. Mutum shida, na ce ai ba za a rasa ɗaya ba.

Washegari Malam Ƙarami ya hau babur da takardar sunayen a aljihu. Kwana biyu yana zagaye, daga Kademi zuwa cikin Gaya, zuwa ƙauyukan da ke bayanta. Na farko ya ce sun cinye nasu a wata shekara da abinci ya yi wuya. Na biyu da na uku sun koma irin zamani tuntuni. Na huɗu ya rasu, 'ya'yansa ba su ma san zancen ba. Na biyar ya ce matansa sun ƙi geron saboda gashinsa yana sukarsu wurin sussuka. Na shida ya rantse bai taɓa karɓa ba. Malam Ƙarami ya dawo jikinsa duk laka, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Matar Yaya, babu."

To, a cikin kwana biyun nan me gwanin namu yake yi? Kwalliya yake yi wa layinsa uku. Ya sa sunayen nan shida su jeru bisa ƙauye. Ya sa su jeru bisa shekara. Ya sa su jeru daga ƙasa zuwa sama. Mutum shida ɗin nan dai da ba su da ko ƙwaya, ya jera su ta kowace fuska kamar kayan ɗakin amarya. In cajin abin ya ƙare, ya tafi Gaya wurin mai janareto ya wuni. In ya dawo, ya tsaya gindin darbejiya inda waya take kamawa, ina jiyo shi yana gaya wa wani abokin aikinsa, "Kai, abin nan ya yi! Layi uku kacal! Wallahi ba na komawa tsohuwar hanya." Ƙasa tana shan iska tana bushewa, duk ƙauye an fita shuka, mata da maza, shi yana yabon layi uku. Ko kaza in ta yi ƙwai ɗaya ba ta kai shi shela ba.

A rana ta uku, bayan dawowar Malam Ƙarami, na kira shi na ce, "Kai, sake tambayar abin nan naka."

Ya ce, "Inna, ba mutum ba ne da zai manta. Abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau."

"To tambaye shi ta tsohuwar hanyar, mai layi hamsin ɗin."

"Ai duk ɗaya ne, ɓata lokaci ne kawai."

"To karanta mini duk abin da ubanka ya faɗa, tun daga farko."

Ya yi 'yar dariyar nan tasu ta 'yan birni, wadda ake yi wa tsofaffi da yara. Ya ce, "Inna, zai ci wuni guda fa. Kwamfuta ta karance shi duka kafin ki ƙifta ido."

Na ce, "Wunin da kake tattali, me kake sayowa da shi?"

Ya ce in yi haƙuri, irin ya riga ya ɓace, sai dai mu rungumi ƙaddara. Ka ji fa. Ƙaddara. Kwana uku da rubuta layi uku har ya zama malami.

A rana ta huɗu ruwa na biyu ya sauka tun da sassafe. Malam Ƙarami ya sake zuwa bakin ƙofa ya ce, "Matar Yaya, laimar nan ba za ta jira mu ba. Kowa ya gama, gonar Yaya ce kaɗai a kwance. Mutane sun fara magana. Gobe zan shuka abin da ya samu." Na roƙe shi ya ƙara mini kwana ɗaya. Ya ce, "Saboda ke, jibi. Amma ba zan wuce jibi ba."

Wunin nan ban iya cin komai ba. Ina tunanin mutumin da nake zaune da shi shekara arba'in. Malam bai iya hana abu ba. Duk mako yana kasuwar Ajingi, ba ya fashi, ya san kowa, kowa ya san shi. A ce duk rayuwarsa mutum shida kawai ya ba geron nan, kuma babu ko ɗaya daga wajen Ajingi? Zuciyata ta ƙi yarda. Amma ni tsohuwa ce a ɗaki, ba ni da layi ko ɗaya, balle uku.

Da hantsin rana ta biyar na sake kiransa. Wannan karon ban yi masa zancen gero ba. Na ce, "Zauna. Ba iri nake nema ba yanzu. Maganar ubanka nake so in ji. Kwana arba'in da huɗu ban ji ta ba, kai kuwa kana da ita a jaka." Wannan bai iya musa shi ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya buɗe abin a kan cinyarsa.

Ya fara karantawa har da faifan: "Ƙauye, buɗe. Gida, buɗe. Gona, buɗe." Na ce ya bar mini buɗe da rufe, ya karanta abin da ke ciki. Sai ga Malam ya dawo ɗakin. Wane na ba shi gyaɗa mai yaɗo, amma rago ne, ba zai yi mata noma ba. Wane na ba shi dawa ja, ƙasarsa jigawa ce, na gaya masa ba za ta yi ba, ya ƙi ji. Haka yake magana, haka ɗan ya rubuta, wannan kam na yaba masa. Ina kuka ina dariya. Shi ma yana tsayawa yana share hanci. Muka yi ta tafiya ƙauye bayan ƙauye har aka kusa kiran azahar.

Sai ya iso Toranke. Ya karanta sunan wani mai gida, ya ce, "Gona: dawa, wake. Gayauna..." Sai ya tsaya da karatun.

Na ce, "Karanta mana."

Bai ɗago kai ba. A hankali ya ce, "Gayaunar mahaifiyar mai gidan, tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Ajingi. Gero mai gashi, tafi biyu. Baba ya ce, wannan ta fi duk mazan riƙon iri."

Na ce, "Yaushe wannan ya shiga cikin abin naka?"

"Tun farko yana ciki, Inna."

"To me ya hana shi fitowa?"

Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya. Gayauna, wato 'yar gonar da akan yanka wa mutum shi kaɗai a gefen gonar gandu, shi da hannunsa ya mai da ita 'yar ƙaramar ƙwarya ya sa a cikin ƙwaryar gona. Da ya zo rubuta layinsa uku, sai ya ce wa kwamfuta ta ɗaga faifan gona ta kawo irin da ta gani a sama. Bai ce ta ɗaga na ƙasa ba. Ita kuwa ta ɗaga, ta leƙa, ta ga 'yar ƙwarya a rufe, ta wuce abinta.

Na ce, "Kuma ba ta ce maka ga wata a rufe ba?"

"Ba ta faɗa. Abin da ka tambaya shi take ba ka."

"Da ka bi ta tsohuwar hanyar fa?"

Ya ce, "Da sai na ambaci kowace ƙwarya da sunanta. Da na tuna da gayauna."

Na ce, "Kai ka jera, kai ka rufe, kai ka manta, sannan ka zo kana karanta mini ƙaddara. Ba ƙarfen ne ya raina gonar tsohuwa ba, kai ne. Tashi ka nemo Baffanka."

Kafin ya tashi sai da ya yi ɗan gyara a layin nasa, ya danna, sunan tsohuwar ya fito tsaf a ƙasan mutum shidan nan. Gyaran bai kai tsawon shan ruwa ba. Har ya juyo da abin zai nuna mini. Na kawar da kai.

Suka hau babur su biyu suka nufi Toranke. Ni kuwa na zauna da carbi ina jan abin da na iya. Da la'asar sakaliya na ji tsayuwar babur, na kasa kunne ko zan ji motsin leda ko ƙullin zane. Ban ji ba. Malam Ƙarami ne ya yi magana. Sun sami tsohuwar, tana da geron, shekara tara tana riƙe da shi. Amma jiya, bayan ruwa na biyu, ta shuke shi duka a gayaunarta, ko ƙwaya ba ta rage ba. Ta ce musu, "Da shekaranjiya kuka zo, wallahi da na raba shi biyu." Ba ta ma san Malam ya rasu ba. Ta ce ta yi ta duba inda yake zama a kasuwa ba ta ganinsa, ta ɗauka ciwon ƙafa ne. Suka baro ta tana kuka.

Shekaranjiya. Ranar da na ce ya karanta mini ya yi mini dariya ke nan.

Washegari Malam Ƙarami ya shuka irin zamani a gonar Malam. Ban hana shi ba, ya cika alkawarinsa. Daminar nan ita ce ta farko tun zuwan kakansu da geron bai tsira a wannan gona ba, kuma ita ce daminar farko da Malam yake ƙasa. Ni a wurina kamar sau biyu aka binne shi. Da geron zamanin ya fitar da kai, tsuntsaye suka yi ta biki a kansa, ina jiyo hayaniyarsu daga ɗaki, kowace safiya sai na yi kuka. Mai rubutun nan ya koma Kano bayan kwana biyu. Da ya zo sallama ya durƙusa ya daɗe, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara ba.

Da na fita takaba, ban fara zuwa gidan kowa ba sai Toranke. Mai rubutun nan ne ya zo ya kai ni, ban roƙe shi ba. Muka tarar da tsohuwar a bakin gayaunarta, 'yar ƙanƙanuwar mata, ta girme ni nesa. Gayaunar ba ta fi tsakar gidan nan ba. Amma ga geron Malam a tsaye, gajere, ya nuna, gashinsa yana ƙyalli, ko tsuntsu ɗaya babu a kai. Na zauna a kan kunya na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ciro wuƙa daga ƙugunta ta miƙo mini ta ce, "'Yar'uwa, shiga ki zaɓa da hannunki. Ke kika san yadda yake zaɓa." Na shiga na zaɓa. Mai layi uku yana biye da ni yana karɓar zangarku, gashin yana sukar hannunsa mai laushi.

Da damina ta zagayo geron ya koma gonarsa, yana nan har yau. Amma ban ƙara rataye shi a wuri ɗaya ba. Na raba wa mata huɗu a ƙauyuka uku, tafi bibbiyu, kuma na sa an rubuta su a cikin abin nasa. Na ce ya sa su a ƙwaryar sama, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da su.

Na yafe masa tuntuni, ɗa ne. Ba na ce kada a gwada sabon abu ba, Malam ma ya sha gwada sabon iri, amma a gefen gona yake gwadawa, ba a tsakiya ba, kuma ba a ranar da ruwa yake jira ba. Abin da kwana biyar ɗin nan suka koya mini shi ne, in aka ce maka babu, mutum ne ya faɗa ko ƙarfe, kada ka tashi sai ka tambaya a ina da ina aka duba. Matarsa ta gaya mini wai yanzu a wurin aikinsu, in abin ya ce masa babu, sai ya buɗe ya karanta da idonsa kafin ya yarda, har abokansa suna yi masa tsiya. Madalla. Damina guda ta gonar ubansa aka biya kafin ya koyi wannan.

Ga shi nan ya tsaya da rubutu yana goge ido. Rubuta, ban ce ka tsaya ba. In ka gama, ka koma farko ka karanta mini duka, kada ka tsallake komai.